Jirgin Baffa da Gadar Cikin Littafi

Daga Akawu zuwa ga Baffanta
Litinin, 6 ga Oktoba

Baffa,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga ubanta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna da mutanen bakin ruwa. Yaya ƙafar Inna? Dogo direba ya ce ya hango ta tana ɗingishi ranar da ya kawo muku saƙona na baya. Ni lafiyata ƙalau, sai murar da na'urar sanyin ofis ta sa mini. Na so in kira ka a waya, sai na tuna rabin kuɗin zai ƙare a kan "Me kika ce?", tunda injin jirgi ya gama da kunnenka. Shi ya sa na ci gaba da rubutu kamar yadda ka ce.

An canza mini wurin aiki. Yanzu ina ofishin kwamitin ayyuka na majalisa, ƙarƙashin wani dattijo, shi ne magatakardan kwamitin. Ɗakin ƙarami ne, tebur uku, taga ɗaya da ba ta buɗuwa, da kabad ɗin ƙarfe da sai an doke shi da gwiwa yake rufuwa. Aikina buga takardu, jera su, da rubuta abin da aka faɗa a wurin zama.

Makon jiya shugaban gwamnati ya kawo kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Ya yi jawabin awa ɗaya da rabi, ya ajiye littafin a kan tebur gaban 'yan majalisa, aka tafa masa. Littafin kashi biyu ne, kowanne sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Washegari aka kawo mana namu ɓangaren, na hanyoyi da gadoji, aka ce in raba wa 'yan kwamiti. Ina cikin jerawa sai son gida ya sa na nemi sunan garinmu. Baffa, yana ciki. Shafi na ɗari huɗu da sha biyu, layi na tara: gina gada a mashigar garinmu, daidai inda kake fito da jirginka. Sai da na karanta sau uku.

Abin da ke cikin littafin roƙo ne gwamnati take yi, majalisa ba ta amince ba tukuna. Na dai faɗa maka ne don ka ji daɗi, a ce yau an san da zamanmu.

Ka gaida Inna, ka ce ta daina yawo da ƙafar nan.

'Yarka,
Akawu

Daga Baffa zuwa ga Akawu
Lahadi, 12 ga Oktoba

Akawu,

Takardarki ta iso, Dogo ya miƙo mini ita ta tagar mota, ko tsayawa bai yi sosai ba. Muna lafiya. Ƙafar Innarki da sauƙi, ƙusa ce ta taka, an yi mata allura, yanzu bakinta ya fi ƙafar aiki. Ki riƙa sa rigar sanyi a ofishin nan naku. Ban taɓa jin inda ake sayen sanyi da kuɗi a koma a sayi maganin mura ba sai wajenku.

Na karanta takardar a cikin jirgi muna jiran ya cika. Da na zo kan shafi na ɗari huɗu da sha biyu, ashe da ƙarfi nake karantawa, kin san ba na jin muryata. Kafin mu kai tsallake kowa ya haddace lambar. Mai shayi ya rubuta ta da gawayi a bangon rumfarsa. Wata tsohuwa mai kai ƙwai kasuwa ta ce in gaishe ki, wai Allah ya yi miki albarka da kika sa mana gada. Na ce mata ke bugawa kawai kike yi, ta ce ai da bugawar ake farawa.

Shekarata talatin da ɗaya ina fito a mashigar nan. An yi mana alkawarin gada da baki ya fi sau goma, amma ba a taɓa rubuta ta a littafi ba sai bana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san Mai Yashi, mutumin nan mai jirage uku da ke haƙar yashi can gangare. Shekaranjiya ya zo ya taya jirgina, da injin da komai, tayin da ban zaci jirgi mai shekara goma sha huɗu zai samu ba. Ni abin da na hango shi ne, ranar da aka kafa ginshiƙin farko, jirgin fito ya zama itacen girki, ba mai ko kallonsa. Gara in sayar tun yana da daraja, in sayi fili a bakin ruwa inda gadar za ta sauka, in gina shago. Duk motar da ta hau gada ta ƙofata za ta wuce. Gwiwoyina ma sun gaji da ruwa.

Innarki ta ce in tambaye ki tukuna. To, na tambaya: wane wata za su fara?

Baffanki

Daga Akawu zuwa ga Baffanta
Alhamis, 16 ga Oktoba

Baffa,

Na gode Allah da ƙafar Inna ta yi sauƙi. Murata ta tafi. Amma takardarka ta hana ni cin abincin rana, don haka ba zan ja gaisuwa ba.

Don Allah kada ka sayar da jirgin nan yanzu. Ba wanda ya san watan da za a fara, ba wanda ma ya san ko za a fara. Bari in zayyana maka hanyar da littafin yake bi, yadda Magatakarda ya zayyana mini ranar da na zo.

Gwamnati ba ta da ikon taɓa ko sisi a baitulmali sai majalisa ta mayar da littafin nan doka. Yanzu sunansa ƙuduri. Da farko ana yi masa karatu na farko, wato a karanta sunansa kawai a zaure, minti ɗaya an gama. Sai karatu na biyu. Nan za a yi kwana uku ko huɗu ana muhawara a kan kasafin gaba ɗaya, wannan ya tashi ya yaba, wancan ya tashi ya kushe, wasu kuma na can baya suna duba waya. Ba mai ambaton layi na tara.

Daga nan sai a yayyaga littafin a raba wa kwamitoci, kowa da ɓangarensa. A nan ne aikin yake. Kowace ma'aikata za ta zo ta zauna gaban kwamitinta ta kare abin da ta roƙa, layi bayan layi. Kwamiti yana iya ragewa, yana iya ƙarawa, yana iya ɗauke kuɗin wannan aiki ya ɗora a kan wancan. Idan ya gama sai ya rubuta rahoto ya miƙa wa babban kwamitin kasafi, wanda ke haɗa na kowa wuri ɗaya. Shi ma da almakashinsa, don kowane kwamiti ƙari yake kawowa, kuma jimlar ba ta miƙewa.

Sannan a koma zaure, a bi shi sashe sashe, a yi karatu na uku, a kaɗa ƙuri'a. Majalisar kuma zaure biyu ce. Ɗaya zauren shi ma duk sai ya yi irin wannan, in lambobinsu suka saɓa da namu a zaɓi mutane daga kowane ɓangare su zauna su daidaita. Bayan haka sai shugaban gwamnati ya sa hannu. Ko ya sa hannu, izini doka ta bayar, ba kuɗi ba. Sai ma'aikatar kuɗi ta saki kuɗin, kuma ba kullum take sakin duka ba. A kabad ɗinmu akwai wata hanya da ta shiga doka shekara huɗu a jere, har yau ko shebur ba a kai wurin ba.

Ban so aka rubuta lambar a bango ba. Laifina ne da ban ce maka maganar ta tsaya a gida ba.

Ka ce wa Mai Yashi ya jira. In yana son jirgin da gaske, zai so shi a watan Janairu ma.

'Yarka,
Akawu

Daga Baffa zuwa ga Akawu
Lahadi, 2 ga Nuwamba

Akawu,

Muna gaishe ki. Gida lafiya, ruwa ya fara janyewa, fasinja sun ƙaru don an fara kwasar amfanin gona daga tsallake.

Mako uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Innarki ta ce aiki ne ya yi miki yawa. Ni kuma na ce da akwai abin tsoro da kin rubuto, don ke ba kya barin abin tsoro ya kwana. A rediyo mun ji an ce kasafi ya tsallake karatu na biyu, 'yan majalisa sun amince baki ɗaya. Wani na hannun daman ɗan majalisarmu ya zo gari da mota mai lasifika, ya tsaya a bakin ruwa ya ce gada ta tabbata, mai gidansa ne ya sa ta. Ya sha shayi a ƙarƙashin lambarki bai biya ba.

Don haka na ba Mai Yashi hannu. Zai turo makaniki ya duba inji, sannan a yi ciniki.

Na kai nan a rubutu sai ga Dogo a ƙafa, yana ta ba da haƙuri. Motarsa ta yi mako biyu a gareji, takardarki na cikin aljihun gaban motar tare da rasiɗan mai. Na karanta ta sau biyu, wannan karon a cikin ɗaki, bakina a rufe.

Na ƙirga ƙofofin da kika lissafa, na samu takwas. Ke 'yar babanki ce. Marigayi Yaya haka yake, in za mu tsallaka sai ya tambayi zurfin ruwa, ya tambayi iska, ya tambayi wanda ya ɗaure igiya, har rana ta faɗi muna wannan gaɓar. Ni kuwa na ga mutane da yawa da suka jira tabbas har kasuwa ta watse.

Amma ba zan ƙi jin maganarki gaba ɗaya ba. Na je na sami Mai Yashi na ce ya ƙara mini lokaci. Ya ce Janairu ta yi nisa, akwai wani jirgi da ake yi masa talla a gangare. Mun tsaya a kan Juma'a, ashirin da ɗaya ga wannan wata. Ranar ko in miƙa masa jirgi, ko ya tafi ya sayi wancan.

Kin ce a kwamiti aikin yake, kuma ke kina cikin ɗakin. To, ga abin da nake roƙo. In gadar ta faɗi a wurinku kafin ranar, ki rubuto mini kalma biyu, "ta faɗi", in riƙe jirgina. In ban ga kalmomin nan ba, na san tana nan, in sayar. Na gargaɗi Dogo, in ya ƙara kwantar mini da takarda sai na cire masa taya.

Baffanki

Daga Akawu zuwa ga Baffanta
Laraba, 19 ga Nuwamba

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ina lafiya. Na ba Dogo takardar nan hannu da hannu, ya yi alkawarin gobe za ta same ka.

Ranar Alhamis da ta wuce ma'aikatar ayyuka ta zo ta kare kasafinta. Zaman a buɗe aka yi shi, da 'yan jarida, don haka zan iya faɗa maka abin da ya gudana. Babban sakataren ma'aikatar ya zo da mutum goma sha ɗaya da akwatin takardu biyu. Shugaban kwamiti ya tambaye shi ayyuka nawa aka fara a shekarun baya ba a gama ba. Sakataren ya waiwaya baya, na baya ya waiwaya bayansa, aka ce ɗari biyu da wani abu. Sai shugaban ya tambayi sababbin ayyukan da ke cikin littafin, ko kowanne yana da takardar awo da zane. Babban sakatare ya ce zai aiko da su. Ɗan majalisarmu ba ɗan wannan kwamiti ba ne, kuma bai leƙo ba.

Daga ranar Litinin kwamiti ya shiga zaman sirri don rubuta rahoto. Muna barin wayoyinmu a cikin kwando a bakin ƙofa. Kafin a fara, ni da sauran ma'aikata mun sa hannu a takardar rantsuwa cewa ba za mu fitar da ko kalma ɗaya ba sai an ajiye rahoton a zaure. Ba zan iya ce maka ta faɗi ba, ba zan iya ce maka tana nan ba. Ko da tana nan, amsar da zan ba ka ke nan.

Don haka sharaɗin da ka kafa ba zai yi aiki ba. Kada ka ɗauki shiruna a matsayin amsa. Kada ka sayar da jirgin nan ranar Juma'a, Baffa. In Mai Yashi ya tafi, ya tafi.

'Yarka,
Akawu

Daga Baffa zuwa ga Akawu
Lahadi, 30 ga Nuwamba

Akawu,

Gaisuwa daga ni da Innarki. Lafiya lau muke. Dogo ya cika alkawari, tayarsa ta tsira.

Na karanta takardarki ranar Alhamis. Na nemi kalmomin nan biyu, inda na same su kin kewaye su da "ba zan iya ba". "Kada ka sayar" kuwa kin riga kin faɗe shi tun Oktoba, lokacin da ba ki san komai ba, don haka ban ga sabon labari a cikinsa ba. Na ce wa Innarki, yarinyar nan a gidan nan ta tashi tun tana shekara shida, jirgin nan ne ya kai ta makaranta har ta zama akawu. Da ta ga rami a gabana, ba takardar rantsuwar da za ta rufe mata baki. Innarki ta ce ita dai takardar ba ta yi mata daɗin ji ba. Na ce mata takardun ofis ba don daɗi ake rubuta su ba.

Ranar Juma'a da hantsi Mai Yashi ya zo da mutanensa biyu. Na kwashe tabarmata da butata da tsohuwar igiyar da ya ce ba ya so. Na nuna wa wanda zai tuƙa yadda ake lallashin injin in ya yi sanyi, sai an ja sau biyu a hankali, na uku da ƙarfi. Bai saurara ba, ya yi ta fizga har ya yi gumi. Da suka tafi na tsaya har suka sha kwana. Sannan na ɗauki tabarmata da butata na nufi gida.

Na sayi filin, wanda ke hannun dama in ka gangaro, kusa da rumfar mai shayi. An kawo bulo, magina sun fitar da tushe, jibi za a fara ɗora bango. Kuɗin jirgin duk sun shiga ciki, har da na kwanon rufi na biya.

Mutane yanzu da ƙananan kwale-kwale suke tsallakawa, mutum biyar biyar. Masu buhuna sai sun zagaya ta babbar hanya, awa huɗu. Wasu sun yi mini ƙorafi, na ce su yi haƙuri, wahalar 'yan watanni ce.

Ki rubuto da zarar an buɗe muku baki.

Baffanki

Daga Akawu zuwa ga Baffanta
Alhamis, 11 ga Disamba

Baffa,

Ina gaishe ka da Inna. Jikina lafiya.

Shekaranjiya aka ajiye rahoton a zaure, jiya aka yi karatu na uku aka amince. Ɗaya zauren ma sun tsaya a kan lambobi iri ɗaya. Yanzu kowa na iya karantawa, ni ma zan iya magana.

Gadar ba za a gina ta baɗi ba. Kwamiti ya yanke cewa duk sabon aikin da ba shi da takardar awo da zane ba za a ba shi kuɗin gini ba. Ma'aikatar ta aiko da takardun ayyuka talatin da biyu, namu ba ya ciki, don ba a taɓa auna wurin ba. An kwashe kuɗin ginin an zuba a kan tsofaffin ayyukan da ba a gama ba. Layin namu ba a goge shi ba, an dai canza shi. Inda aka rubuta "gina gada" yanzu "awo da zanen gada" ne, kuɗin kuma bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na farko ba. In an yi awon, sai ma'aikata ta sake roƙon kuɗin gini a wani kasafin, ya sake bin duk hanyar nan daga farko.

Akwai abin da ya kamata ka sani, kuma gara ka ji daga bakina. Ranar Talata, sha takwas ga Nuwamba, aka yanke wannan hukunci, kuma ni na buga shi da hannuna. Ni na goge "gina" na rubuta "awo". Lokacin da na rubuto maka takardar Laraba, na sani.

Ranar Talatar, da aka tashi, na sami Magatakarda na gaya masa komai, har maganar jirgin. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce, "'Yata, in kin faɗa wa baffanki da safe, garinku ya ji kafin azahar, ɗan majalisarku ya ji kafin la'asar. Gobe ya zo nan yana buga tebur, ya jawo sauran masu sababbin ayyuka, rahoton ya wargaje. Kuma kowa ya san 'yar wane gari ce a ɗakin nan." Ya ce shekara biyu da suka wuce an kori wani a kan irin wannan. Bai hana ni ba, bai kuma ba ni izini ba. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Na rubuta kalmomin nan biyu a takarda, na yaga. Na ɗauki waya zan kira Inna, na ajiye. Na gaya wa kaina rantsuwa nake karewa, kuma gaskiya ne. Amma tsoron rasa aikina ma yana ciki, ba zan ɓoye maka ba. Na zaci in na ce kada ka sayar da ƙarfi za ka gane. Da takardarka ta zo na karanta inda ka ce ba rantsuwar da za ta rufe mini baki, na shiga banɗakin ofis na yi kuka.

Ban san ko daidai na yi ba. Na dai san jirgin ya tafi, kuma ina iya hanawa. Ka yafe mini.

'Yarka,
Akawu

Daga Akawu zuwa ga Baffanta
Litinin, 2 ga Fabrairu

Baffa,

Ina gaishe ka. Dogo ya ce ya ba ka takardata ta Disamba a hannunka, ya ce kuma kana lafiya, ya gan ka zaune a ƙofar shagon. Inna ta ce mini a waya kana cin abinci, ba ka dai son a ɗauko maganar.

Shugaban gwamnati ya sa hannu tun ƙarshen Disamba, kasafin ya zama doka. Na tambaya a ma'aikatar ayyuka, sun ce kuɗin awon yana cikin kashin farko da za a saki. Ban ce ka dogara da wannan ba.

Na saka 'yan kuɗi a cikin ambulan ɗin. In ba ka so, ka ba Inna. Ko faɗa ne ka rubuto mini, zan karanta.

'Yarka,
Akawu

Daga Baffa zuwa ga Akawu
Lahadi, 19 ga Afrilu

Akawu,

Ina amsa gaisuwarki ta Disamba da ta Fabrairu gaba ɗaya. Muna lafiya. Innarki ta karɓi kuɗin, ta ce a gode miki. Ta kuma ce in ban rubuto a wannan makon ba ita za ta hau motar Dogo ta zo ta kai ƙarata majalisa.

Na yi fushi da ke, ba zan ce ban yi ba. Na daɗe ina fushin. Daga baya na ɗauko takardunki duka na jera a kan tabarma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu kika ce kada in sayar. Kin ce kada in ɗauki shirunki amsa, na ɗauka. Abin da nake so in ji shi na ji. Wannan laifina ne. Amma da ni ne a ɗakin nan, ke kuma a bakin ruwa, da na faɗa miki, ko za su kore ni sau goma. Wannan ma gaskiya ne, kuma har yanzu yana ci mini rai. Na yafe miki. Ki riƙe aikinki da kyau, tunda mun san abin da ya ci.

Shagon an rufa shi, amma ba kaya a ciki, ba kuma mai wucewa. Mai shayi yana ajiye bencinansa a ciki.

Mai Yashi ya ga yadda mutane ke wahala da ƙananan kwale-kwale, sai ya dawo da jirgin mashiga a watan jiya. Ya shafa masa shuɗin fenti, ya ninka kuɗin fito. Mutanensa sun kasa shawo kan injin, kuma sau biyu suna hawa kan tudun yashin da ke tsakiya. Sai ya aiko a tambaye ni ko zan riƙa tuƙa masa, yana biyana kullum da yamma. Na ce a ba ni kwana biyu in yi shawara. Ba wata shawara da na yi, na dai bari kwana biyun su wuce. Yanzu ni ke tuƙi, wani surukinsa yana zama a gaba da jaka yana karɓar kuɗi.

Ranar Laraba masu awonki suka zo, su huɗu, da na'ura mai ƙafa uku da sanduna masu ja da fari. Suna son tsallakawa su kafa alama a ɗaya gaɓar, aka nuna musu ni. Babbansu mutumin kirki ne. A tsakiyar ruwa ya sa na tsaya, ya matso kusa da kunnena ya tambaye ni inda ruwa ke kaiwa in ya cika, da inda ƙasa ke zaftarewa, da shekarar da ya fi kowace hauka. Na faɗa masa duka, yana ta rubutawa. Ya ce abin da na ba shi a minti ashirin ya fi abin da na'urarsa za ta ba shi a mako. Na tambaye shi yaushe za a gina. Ya ce in komai ya tafi daidai, shekara uku ko huɗu. Ya kuma ce da alama ba ta nan za ta sauka ba, ƙasar wajen shagona ba ta da ƙarfi, sai can sama wajen duwatsu.

Da muka dawo gaɓa ya zaro kuɗin fito na mutum huɗu ya miƙo mini, don ni ya ɗauka mai jirgin. Na karɓa na sa a aljihun gaba, na juya zan ɗaure igiya. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Surukin Mai Yashi ne, ya miƙo hannu. A gaban baƙin na zaro na ba shi.

Ki gaida Magatakardanku. Allah ya tsare ki a inda kike.

Baffanki